Kafintan Da Ya Ƙi Cin Waakye

Jama'a, ku matso kusa, don maganar yau ko ƙawata ta ƙut-da-ƙut ban faɗa wa ba. Ni ce na karya kabad ɗin firjin Baba. Ni ɗin nan, Rafia 'yar Alhaji Buraima direba, mai sayar da burkina a bakin titin Buokrom. Na faɗa, na huta.

Wanda bai san gidanmu ba, bari in shigo da shi. A tsakar gidanmu akwai wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda Turawa ke yawon duniya da ita. Akwai gado, akwai ɗan murhu, akwai ƙaramin firji mai aiki da iskar gas, yana zaune cikin kabad ɗin katako. Wajen wasu Jamusawa mata da miji Baba ya saye ta, lokacin da hanya ta gajiyar da su a Kumasi. Ya sa mata suna Hajiya. Kullum da safe sai ya goge wa Hajiya gilashi kafin ya tambaye ni yadda na kwana, kuma na daɗe da daina kishi.

Duk shekara bayan Babbar Sallah yakan ɗauke ta ya yi zagayen zumunci: Ejura, Yeji, ya haye ruwa ya nufi Salaga, har ƙauyen yayansa inda ko sandar wutar lantarki babu. Ga shi Baba na da ciwon suga, allurarsa kuwa ba ta zama sai a sanyi. In babu firjin nan, babu tafiya. Tafiyar bana kuma ranar Litinin ce.

Ranar Alhamis aka ɗauke mana wuta tun hantsi. Ni kuwa na riga na dama burkina, furar gero da nonon nan da muke sha da sanyi, na cika kwalabe. Kun san nono ba ya jiran kowa. Baba na fita sallar azahar na zura hannu a aljihun rigarsa da ke rataye, na zaro makullin Hajiya. Firjin da aka yi don kwalba goma, ni 'yar gidan hikima na cusa masa talatin, na bi da ƙanƙara, na ɗora ragowar a saman kabad. Ƙofa ta ƙi rufuwa, na danna ta da gwiwa.

Sai na ji ƙaras!

Gindin kabad ya burma. Firji ya sunkuyo gaba kamar mai ruku'u, murfin kabad ya rataye a kan ƙusa ɗaya yana lilo. Na ɗora hannu a ka na ce, “Na shiga uku, ni Rafia!” Cikin minti biyar na kwashe kwalabe, na goge ƙasa da ɗankwalina, na mayar da makulli, na zauna ina tsintar gero kamar waliyyiya.

Da safiyar Juma'a Baba ya shiga gaida Hajiya. Can ya fito riƙe da guntun katako.

“Wa ya taɓa min mota?”

“Ƙila tsufa ne, Baba,” na ce, idona a kan tire.

Ya dube ni, ya dubi katakon, ya ce, “Ƙila.” Wallahi da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi. Ya zauna a kan benci yana jujjuya guntun katakon, ya ce a hankali, “Yaya ya haura tamanin. Ban san ko zai jira ni baɗi ba.” Nan na ajiye tiren. Kwaɗayin cinikin yini ɗaya zai hana tsoho ganin ɗan'uwansa.

Ba a rufe baki ba sai ga Goggo Hadija ta fito daga kicin tana gyara ɗaurin zani. Ƙanwar Baba ce, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar Mma, kuma aikinta na biyu shi ne ƙirga shekaruna. Wata uku ke nan ba ta da zance sai na Sheriff, ɗan ƙawarta da ya dawo daga Jamus, irin waɗanda muke ce wa boga. Makon jiya ma ya aiko mata da huhun goro wai na gaisuwa, ta karɓa ta ajiye a bayan ƙofarta tana yayyafa masa ruwa safe da yamma. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa ban ƙi Sheriff don wani aibu ba, mutumin kirki ne, amma in yana magana rabi Hausa ce rabi labarin sanyin Hamburg, ni kuma zuciyata tana wani wuri.

“Yaya, mene ne abin damuwa?” in ji Goggo. “Muna da Sheriff!”

Kafin a hana ta har ta kira shi. Ba a yi minti goma ba hoto ya shigo wayarta: wani zungureren firji mai ƙofa biyu, ya fi ni tsawo. Ta kai wa Baba har hanci.

“Ya ce yau ɗin nan za a kawo. Ka ga ɗan albarka?”

Baba ya sa tabarau ya ƙare wa hoton kallo. “Allah Ya yi masa albarka. Ta rufin motar za mu shigar da shi? Kuma in na isa ƙauyen Yaya, a hancina zan jona shi?”

Na tsere ɗaki kafin dariya ta tona ni. Na faɗa kan gado na ɗauki waya.

Yanzu ga ɗayan sirrin. Sunansa Shakiru. Kafinta ne a Dichemso, shi ke yi wa motocin sayar da abinci kanta da kabad, shi ya ƙera min rumfar da nake sayar da burkina. Shekara biyu ke nan muna tare, kuma ko inuwarsa ba ta taɓa shiga gidanmu ba. Kullum sai ya ce bari ya turo manyansa, kullum sai in ce ya dakata. Tsoro nake ji. Baba ya taɓa korar wani da tambaya uku kacal, Goggo kuma na san abin da za ta ce: ga mai jirgin sama, ki ɗauko mana mai ƙurar katako?

Na tura masa hoton ɓarnar.

“Ei! Wace giwa ce ta zauna a kai?” ya rubuto.

“Giwarka ce. Shakiru, ba wasa nake ba, allurar Baba a nan take zama. Litinin zai tafi.”

“Gobe da sassafe ina nan.”

“Amma ka ji sharaɗi. Kafinta ne kai kawai. Ba ka san ni ba, ban san ka ba. Ka sa kayan aikinka mafi datti.”

“An gama, madam.”

Na je na ce wa Baba akwai wani masta da ya yi min rumfa, an ce hannunsa na da kyau. Baba ya ce, “An ce? To, ya zo mu gani.”

Ranar Asabar na tashi tun asuba. Na sa atamfa, na cire. Na sa doguwar rigar gida mai ɗigon shuɗi, na ga ta yi min kyau da yawa, na cire. A ƙarshe na sa tsohuwar kaba da zani, na yafa mayafin da nake zuwa kasuwa da shi. Kwalli dai na zizara, don ba zan kashe kaina ba.

Ƙarfe bakwai aka yi sallama. Na leƙa ta labule, sai da na dafe ƙirji. Kayan aikin dai ya sa, amma an wanke su an yi musu guga har da kari. Ya yi sabon aski. Ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Wannan duk mai sauƙi ne. Yana hango Baba a kan benci, sai bawan Allah ya ajiye akwatin aiki, ya tuɓe takalma tun daga bakin ƙofa, ya tako ƙasa ba takalmi, ya durƙusa har gwiwa, kansa a sunkuye.

“Baba, ina kwananku? An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?”

Jama'a, kun taɓa ganin kafintan Kumasi ya gaida mai aiki haka? Namu da muka sani daga bakin ƙofa suke ɗaga hannu su ce, “Alaji, ina aikin?” Na ciji mayafi na ce a raina, ka kashe mu, Shakiru.

Baba ya dube shi ta saman tabarau. “Lafiya lau, Masta. Tashi ka sa takalmanka, akwai ƙusa a gidan nan.”

Suka shiga mota. Ni kuma shara ta kama ni a daidai gefen tagar Hajiya, wurin da na riga na share sau biyu.

Da Shakiru ya kama aiki sai ya koma mutumin da na sani. Ya rufe tukunyar gas, ya kwance bututun a hankali, ya ciccibo firjin ya ajiye a kan buhu. Ya sa yatsa a katakon gindin, sai ga shi yana marmashewa kamar burodin jiya.

“Baba, ku duba. Wannan ba katako ba ne, dusar katako ce aka matse da gam. Ga ɗan bututun da ke fitar da ruwan firji, ya toshe, shekara da shekaru ruwa na ɗiga a nan. Ko ba a taɓa shi ba, da ramin farko na hanyar Yeji zai burma.”

Na ji wani sanyi a raina. Allah Ya saka maka, Shakiru.

“To, a samo katakon odum mai kauri,” in ji Baba.

“Odum zai yi wa motar nauyi a gefe ɗaya, Baba. Na zo da katakon filawud mai jure ruwa, zan ɗaure kusurwoyin da ƙarfe, in kama shi da jikin motar da noti. Ƙusa kan saki in ana girgiza.”

“Ka toshe min wannan ramin na baya ma. Ɓeraye ke shiga.”

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ba a yi wa Baba musu a kan Hajiya. Shakiru ya sunkuyar da kai.

“Ku yi haƙuri, Baba, wannan ba zan toshe ba. Ta nan yake numfashi. In zafi bai fita ba, ba zai yi sanyi ba, kuma hayaƙin gas zai dawo muku ciki kuna barci. Raga zan sa, iska ta wuce, ɓera ya tsaya.”

“Hmm,” in ji Baba. Wanda ya san Alhaji Buraima ya san wannan hmm ɗin ba kowa ke samun ta ba.

Ana cikin haka na ga Shakiru ya tsinci wani abu a ƙarƙashin kabad ya yi wuf ya sa a aljihu. Jan murfin kwalbar burkina ne, irin nawa. Na ɗaga kai, sai na ga Baba na kallon silin kamar bai ga komai ba.

Har azahar ana zarto, ana huda, ana ɗaure noti. Goggo ta leƙa sau biyu tana taɓe baki, tana cewa da an bar Sheriff da tuni an huta. Amma Goggo ko maƙiyinta ba ya barin gidanmu da yunwa. Bayan sun dawo daga masallaci ta zubo waakye, shinkafa da waken nan namu, ta jera masa taliya, gari, dafaffen ƙwai, ganda da baƙin yaji, ta ce in kai. A gidanmu haka ake yi: duk mai aikin da ya yini, da Baba yake cin kwano ɗaya a kan tabarma.

Na ajiye kwanon. Baba ya wanke hannu.

“Bismilla, Masta.”

Shakiru ya ja da baya ya zauna a gefen tabarma, ya juya fuska wajen taya. “Alhamdu lillahi, Baba. Na ƙoshi.”

Ƙarya! Ko koko bai sha ba, shi ya rubuto min da asuba cewa fargaba ta hana shi karyawa. Kuma wannan mutumin, a gabana ya taɓa cinye waakye na mutum biyu ya tambayi ƙanzo. Na zare masa ido, na yi masa alama da haɓa: ci mana! Ya ƙi ko kallona.

“Azumi kake?” in ji Baba.

“A'a, Baba.”

“Ciwon ciki?”

“Lafiyata lau, Baba.”

A daidai lokacin cikinsa ya yi wata ƙara, ƙululu, har kazar Goggo ta ɗaga kai. Baba ya ɗauki ƙwan ya raba biyu, ya ci rabi a nutse.

“Ikon Allah. Shekara arba'in ina hulɗa da masu aikin hannu, daga Magazin, unguwar makanikan Kumasi, har Tamale. Na ga kafintan da ya ƙi sallah, na ga wanda ya ƙi gaskiya. Ban taɓa ganin wanda ya ƙi waakye ba.”

Ku da kuka tashi a zango, unguwanninmu na Hausawa, kun san abin da ke nan. Mai aiki yana cin abinci da maigida, har ya nemi ƙari. Mutum ɗaya ne ba ya iya kai loma a gaban dattijo: wanda ke neman 'yarsa. Kunyar surukai ce, da ita aka haife mu. Na koya wa Shakiru abin da zai sa da abin da zai faɗa, na manta ban koya wa tarbiyyarsa yin ƙarya ba.

Na kwashi ƙafa na shige ɗaki na rubuta masa: “Don Allah ka ci ko loma ɗaya!”

Ta taga na ga ya duba wayar a ɓoye. Amsa ta shigo: “Rafia, ko za a yanka ni ba zai wuce maƙogwarona ba.”

Haushi da dariya da tausayi suka haɗe min wuri ɗaya. Ina son yaron nan, jama'a, ina son sa har cikin raina.

Da la'asar aka mayar da firji mazauninsa. Shakiru ya ɗora ƙarfen awonsa mai ƙwayar ruwa a tsakiya, ya dinga cusa 'yan siraran katako a ƙasa har ƙwayar ta tsaya cak. Ya ce irin wannan firjin in ya karkata ba ya sanyi, don haka duk inda Baba zai kwana ya nemi wuri mai daidai. Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututun gas, ba kumfa, sannan ya kunna. Murfin kabad ya rufu ɗas, har da sabuwar sakata.

Baba bai yaba ba. Ya ɗauko makulli ya ce, “Shiga, Masta. Aiki ba ya faɗin gaskiya sai an taka rami.”

Haka Baba yake gwada kowa. Ya kashe gas ɗin, ya ja Hajiya suka nufi hanyar bayan makaranta, wadda ko masu turotoro, motocin hayarmu, ke gudu. Shi da kunne yake tuƙi, in ya ji ƙiƙi ko sau ɗaya, a kwance aiki a sake. Minti arba'in suka yi. Na share tsakar gida karo na huɗu, Goggo na tambayata ko aljanun shara ne suka hau ni.

Da suka dawo Baba ya fito fuska ba yabo ba fallasa. Aka sake kunna firji, aka sa kwalbar ruwa. Bayan magariba ya shiga da kansa, ya daɗe, ya fito yana shafa tafin hannunsa a kumatu.

“Ya fara sanyi,” ya ce. Sai ya ɗaga murya. “Hadija! Rafia! Ku zo.”

Muka zo. Shakiru na durƙushe a gefe, takalmansa sun sake komawa bakin ƙofa.

“Masta, ba ni abin da ke aljihunka.”

Shakiru ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya zaro jan murfin ya miƙa da hannu biyu. Baba ya ɗora min shi a tafin hannu.

“Kwalba goma take ɗauka, Rafia. In an sake ɗauke wuta, ki tambaye ni makulli.”

“Baba, ka yafe min,” na ce.

“Na yafe tun ranar Alhamis, da na ji rigata na warin nono.” Ya juya. “Mene ne sunanka na yanka, Masta?”

“Shakiru, Baba.”

“Shakiru, hanyar Salaga ba ta da kirki, ni kuma na tsufa da kwanciya a ƙarƙashin kabad. Kwana shida ne. Za ka iya rufe shago ka raka ni?”

“Ko wata shida ne, Baba!”

Goggo ta riƙe haɓa. “Yaya, kafinta kuma? Ga Sheriff da ya iya tuƙin Turai?”

Baba bai ko waiwaye ta ba, ni ya kalla. “Ki shirya mana guzuri gobe. Ki yi shi kwano biyu, nasa daban, mai murfi, yadda zai iya zagayawa bayan mota ya ci. Ba zan kai wa Yaya surukina a rame ba.”

Jama'a, ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska ba. Shakiru ya kifa goshi a gwiwa, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba ko kuka yake ko yunwa ce. Goggo kuwa ta buɗe baki ta kasa rufewa. Ta dube shi, ta dubi takalman da ke bakin ƙofa, ta dubi kwanon waakye da aka rufe tun rana.

“La'ilaha illallahu! Shi ya sa ya ƙi min abinci!” Ta tafa hannu. Sai kuma ta tsaya cak, ta waiga wajen ɗakinta. “To, Yaya, goron Sheriff fa? Na riga na ce wa uwarsa su zo ranar Laraba!”

Baba ya zura makullin Hajiya a aljihu, ya ɗauki butarsa.

“Laraba ina Salaga,” ya ce. “Wadda ta karɓi goro da wadda ta ɓoye kafinta, ku kuka san abin da za ku faɗa musu.”